Gwajin Gubar Fumfuna a Gyaɗa da Masara: Ina Aka Kwana kan Tarkunan Haɗin Hannu?

Dillalin Gyaɗa: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon masu ilimin kimiyya da ke wannan zaure su warware mini wata matsala da ta dame ni tun bayan kaka. Na haura shekara ashirin ina tara gyaɗa daga kasuwannin ƙauye ina kai wa masu fitar da ita waje, amma a bana wani kamfani ya dawo mini da tirela guda, ya ce gwajinsa ya nuna gubar aflatoksin ta wuce ƙima, alhali da idona na duba gyaɗar nan, ba fumfuna, ba wari, ba danshi. Sai da na yi kwana tara ina jiran sakamakon, kuɗin mota yana hawa. Ɗana da ke jami'a ya gaya mini cewa yanzu masana suna haɗa wasu sinadarai da hannunsu waɗanda ke cafke gubar nan take, kuma ba sa buƙatar firji. Shin gaskiya ne, kuma mutum irina zai iya riƙe abin a aljihu ya gwada buhu kafin ya biya kuɗinsa?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Idonka bai yi maka ƙarya ba, abin ne ya fi ƙarfin ido. Ƙa'idar Tarayyar Turai ga gyaɗar da za a ci kai tsaye ita ce kada jimillar aflatoksin ta wuce maikurogiram 4 a kowane kilo (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma kada nau'in B1, wanda ya fi kowanne illa, ya wuce 2. Idan ka auna wannan da tirela mai tan 30, miligiram 120 kacal na gubar sun isa su kai kayan bakin iyaka, abin da bai kai nauyin ƙwayar magani guda ba. Amurka ta sassauta zuwa 20, amma ko ita ɗin ido ba ya gani. Duniya ta farga da wannan guba ne a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil, aka bi sawu aka tarar fumfunar da ake kira Aspergillus flavus ce ke fitar da ita, daga nan ma sunan ya samo asali.

Kowace na'urar gwaji tana da sassa biyu: tarkon da ke gane gubar ya riƙe ta, da kuma abin da ke sanar da kai cewa tarko ya kama, ko dai canjin launi, ko haske, ko motsin lantarki. Tarkon da aka daɗe ana amfani da shi antibodi ne, wato furotin ɗin da jikin dabba ke yi don yaƙar baƙon abu. Matsalar ita ce aflatoksin ta yi ƙanƙanta ƙwarai, nauyin ƙwayarta 312 ne a ma'aunin masana, na antibodi kuwa kusan 150,000, don haka jikin zomo ko ɓera ba ya ko kula ta sai an ɗaura ta a jikin wani babban furotin kafin a yi masa allura, sannan a jira watanni. Bayan duk wannan wahala, furotin ne, zafi yana dafa shi kamar yadda yake dafa ƙwai, kuma in ya dahu ba ya dawowa.

Abin da ɗanka ya ji labari shi ne aptama. Gajeren zare ne na DNA ko ɗan'uwansa RNA, wato sinadaran da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, wanda ke naɗe kansa ya yi wata siffa da ke rungumar abu guda. A 1990 aka fito da hanyar samunsa a wurare biyu a Amurka, Craig Tuerk da Larry Gold a Kolorado, da kuma Andrew Ellington da Jack Szostak a Boston. Ana haɗa zaruruwa mabambanta da yawansu ya haura tiriliyan ɗari, a zuba su a kan gubar, a wanke waɗanda ba su manne ba, a hayayyafa waɗanda suka manne, a sake maimaitawa sau goma ko fiye, kamar mai tankaɗe da ke sauya rariya zuwa mafi ƙanƙantar ido, har a tsira da zaren da ya fi riƙo. Da an san jerin haruffansa, wato yadda tubalan da suka haɗa zaren suka jeru, inji ne ke buga shi, ana aiko shi a matsayin busasshen gari, kuma ko zafi ya warware shi, in ya huce sai ya sake naɗewa. A ganina wannan ne ya dace da ƙasar da Afirilu ke kai ma'aunin zafi sama da 40 kuma wutar lantarki ba ta da alƙawari.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Dakta, bayaninka daidai ne, amma ina jin tsoron Alhaji ya tashi gobe ya tafi kasuwa neman abin da ba a ajiye a kanti ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gwada abinci, kuma duk tsinken gwajin aflatoksin da ya taɓa shiga hannuna da antibodi aka yi shi, haka ma faifan ELISA mai ƙananan ramuka da ke nuna guba ta canjin launi, haka ma bututun da muke tace samfur da shi kafin mu sa a injin HPLC, wanda ke rarrabe sinadarai ya auna kowanne. Aptama na farko na gubar fumfuna ya fito tun 2008, lokacin da Cruz-Aguado da Penner a Kanada suka samo zare mai haruffa 36 da ke kama okratoksin A, gubar da ke lalata ƙoda, wadda ake samu a alkama da kofi da busasshen inabi. Tun daga lokacin an rubuta takardun bincike masu ɗimbin yawa a kan wannan zare guda, kowa yana cewa na'urarsa ta fi ta kowa ji, amma masu sayen kaya a tashar jirgin ruwa har yau da tsohuwar hanya suke yanke hukunci. Ya kamata mu tambayi kanmu dalili. Sannan batun firji ba duka ba ne: faifan ELISA lallai yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma akwai tsinken antibodi da aka busar wanda ke zama a ɗaki muddin ba a bar shi a cikin mota da rana ba.

Malamin Kimiyya: Hajiya, jinkirin shiga kasuwa ba hujja ba ce ta rashin inganci. Kamfanonin da suka zuba jari a antibodi tun bayan da Köhler da Milstein suka fito da hanyar samar da shi iri ɗaya a 1975 suna da takardun amincewar hukumomi a hannu, kuma duk sabon gwaji sai an raba shi ga ɗakunan gwaji da dama sun auna samfur ɗaya an ga sun dace kafin a karɓe shi, aikin da ke cin shekaru da kuɗi. Kuma ki yi wa zaren nan na okratoksin adalci: yana bambance okratoksin A da ɗan'uwansa B, alhali ƙwayar sinadarin kulorin guda ce tak ta raba su.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Na yi masa adalci, shi ɗin yana kamu. Amma yana kamun ne a cikin ruwan da aka daidaita masa, mai ɗauke da kalsiyam ko magniziyam daidai gwargwado, in ba haka ba ba ya naɗuwa yadda ake so. Mu kuwa a wurin aiki ba ruwa mai tsabta muke gwadawa ba. Muna niƙa gyaɗa, mu jiƙa ta da sinadarin methanol, wani nau'in alkohol, kashi 70 cikin ɗari, mu kaɗa, mu tace, abin da ke fitowa kuwa akwai mai a cikinsa, akwai furotin, akwai launi, in barkono ne ko citta ma sai ka ga ruwan ya yi ja ko ruwan ɗorawa. Ɗauki gwajin nan da aka fi yayatawa, na ƙananan ƙwayoyin zinariya: ruwansu ja ne, zaren DNA yana lulluɓe su ya hana gishiri dunƙule su, idan guba ta zo ta janye zaren sai su dunƙule ruwan ya koma shuɗi. A takarda abin sha'awa ne, amma duk wani abu a cikin abincin da zai manne wa zinariyar da kansa zai iya sauya launin ba tare da guba ba, ko ya hana shi sauyawa alhali akwai ta. Akwai ma abin da ya fi wannan tayar da hankali. A 2020 wasu masana a Turai sun sake auna zaruruwan da aka daɗe ana cewa suna kama maganin ampisilin ta hanyoyi daban-daban, suka tarar ba sa kama shi ko kaɗan, bayan an riga an gina na'urori a kansu an wallafa. Tun daga nan duk wanda ya kawo mini aptama, tambayata ta farko ita ce ko ya gwada da zaren da aka hargitsa haruffansa ya ga bai ba da sakamako iri ɗaya ba.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Malamaina, ku ba ni dama in sa baki, domin a kan tarkon haɗin hannu na biyu nake bincikena kuma ba a ambace shi ba. Baba Alhaji, ka san yadda masu zubin tukunyar dalma ke aiki: su danna tukunya a cikin yashi mai danshi, su cire ta, gurbinta ya zauna daram. Haka ake yin roba mai gurbi. Ana zuba ƙwayoyin gubar a cikin ruwan sinadaran da za su zama roba, galibi asid ɗin methakirilik da wani mai ɗaure su da ake kira EGDMA, sinadaran su kewaye gubar, a daskarar da su, sannan a wanke gubar ta fita, a bar ramuka masu siffarta da wuraren riƙo daidai inda take buƙata. Günter Wulff ya fara wannan a Jamus a 1972, Klaus Mosbach na Jami'ar Lund a Suwidin ya sauƙaƙa hanyar, har a 1993 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa irin wannan roba za ta iya maye gurbin antibodi wajen auna magani a jini. Methanol ɗin da Hajiya ke kuka da shi, wanda ke raunana antibodi har sai an sirka samfur da ruwa, ita robar ba ya yi mata komai, kuma ana iya ajiye ta shekaru a ɗaki.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Ƙanwata, ki gaya musu batun tsiyaya, kada ki ɓoye.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Ba zan ɓoye ba, Anti, don ni ma ta ba ni wahala. Komai wankin da aka yi wa robar, wani ɗan kaso na abin da aka buga gurbin da shi yana maƙalewa a ciki, ya riƙa fitowa sannu a hankali lokacin gwaji. Tunda abin da muke nema ɗaya ne cikin biliyan, wannan 'yar tsiyaya ta isa ta sa a ce gyaɗa mai kyau tana da guba. Maganin da aka samo shi ne a buga gurbin da wani sinadari mai kama da gubar amma ba ita ba. Ga aflatoksin ana yawan amfani da daimethoksikumarin, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ba ya jefa ɗaliba irina cikin haɗarin taɓa abin da hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa a rukunin farko na masu haddasa ciwon daji. Sai dai an rabu da Bukar an haifi Habu, domin gurbin da aka yi da ɗan'uwa ba ya zama wa mai shi cif, kamar takalmin aro. Wata matsalar kuma ramukan ba iri ɗaya ba ne, wasu suna riƙo sosai, wasu sama-sama. Ƙungiyar Sergey Piletsky a Ingila ta rage wannan ta hanyar kafe abin da za a buga gurbin da shi a jikin ƙananan duwatsun gilashi, a gina 'yan ƙwayoyin roba a kansa, a wanke masu raunin riƙo da ruwan sanyi, a kwashe masu ƙarfi da ruwan zafi. Inda robar ta riga ta shiga kasuwa kuwa shi ne tace samfur kafin a sa a inji, musamman ga patulin, gubar ruwan tuffa, wadda ƙanƙantarta ta sa aka sha wahalar samar mata antibodi mai kyau.

Likitan Dabbobi daga Maraɗi: Ina gaishe ku duka. Kuna ta maganar gyaɗar da za ta tsallaka teku, ni kuwa damuwata ita ce wadda aka dawo da ita. Alhaji, ba tuhuma nake yi ba, amma kowa ya san tirelar da aka ƙi ba a ƙona ta. Masu matsar mai ne ke sayenta, tunkuzar ta koma ƙuliƙuli ko abincin kaji da shanu, kuma mafi yawan gubar a tunkuzar take zama, suya ba ta kashe ta. Saniyar da ta ci B1, hantarta tana juya wani kaso zuwa M1, ya fito a nono cikin kwana guda, tafasawa ba ta raba shi da nonon, kuma iyakar Turai a madara maikurogiram 0.05 ce a kilo, ta Amurka 0.5. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, saboda masarar da suka noma da hannunsu suka ajiye da danshi. Binciken da aka yi a Benin da Togo a 2002 ya nuna yaran da suka fi gubar a jini sun fi tsumburewa, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sau da dama. Saboda haka ni gwajin da nake nema ba sai ya gamsar da jami'in kwastan na tashar jirgin ruwa ta Rotterdam a Holland ba. Ya dai ce mini wannan tunkuza ta yi muni ƙwarai, kada a ba saniyar tatsa, kuma kuɗinsa ya zama wanda mai kiwo zai iya biya.

Malamin Kimiyya: Likita ya taɓo inda nake ganin waɗannan tarkuna za su fara amfani. Gwajin tantancewa daban, gwajin yanke hukunci daban. Kuma abin karantawar ma ba sai an ƙera sabo ba: a 2011 Yi Lu da abokin aikinsa a Jami'ar Illinois sun haɗa aptama da wani sinadari mai juya sukarin rake zuwa gulukos, ta yadda idan tarko ya kama abin nema, na'urar auna sukarin jini da ake sayarwa a kowane kyamis ce za ta nuna lamba. Akwai kuma 'yan faifan lantarki da ake bugawa kamar yadda ake buga rubutu a riga, a kafa zaren a kansu da ɗigon wani rini da ake kira shuɗin methilin a bakinsa, in ya naɗe a kan guba sai ƙarfin lantarkin ya sauya. Ba na cewa an gama, amma hanya ce da ba ta bi ta ɗakin sanyi ba.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: A kan tantancewa na yarda da kai, Dakta, da sharaɗin kuskuren na'urar ya karkata ga zargin mai kyau, ba ga wanke mai guba ba, domin na farko asarar kuɗi ce, na biyu kuwa hantar yaro. Amma akwai abin da babu tarkon da zai gyara, ko na dabba ko na roba ko na DNA, kuma ina kyautata zaton shi ne ya ci Alhaji. Gubar ba ta bazuwa a buhu kamar gishiri a miya. Ƙwaya ɗaya da tsutsa ta huda ko fari ya tsotse za ta iya ɗaukar abin da zai ɓata kilo da yawa, sauran dubban da ke kewaye da ita kuma lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa ƙa'idar Codex, wato hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta ce a haɗa samfurin kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa daga wurare da yawa a cikin kayan, a niƙe shi duka, sannan a ɗebi kaɗan a auna da iyakar maikurogiram 15 ga wadda za a sake sarrafawa. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da nuna cewa mafi girman kuskure daga ɗibar samfur yake zuwa, ba daga injin ba. Mutum zai iya riƙe na'urar da ta fi kowace ji a duniya, ya ɗebi tafin hannu daga bakin buhu, ta ce masa babu komai, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Malamin Gona: Ina ƙara wa maganar Hajiya cewa fumfunar tun a gona take shiga, musamman in ruwa ya ɗauke ana saura makonni a cire gyaɗa, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage. Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta fitar da guba, ana watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin fure, ta riga mai gubar kama wuri. Manomin da ya yi wannan ɗawainiya yana buƙatar gwaji mai arha a bakin kasuwa fiye da kowa, domin in ba a auna ba, kuɗin buhunsa ɗaya da na wanda ya shanya tasa a ƙasa. A masara kuma kada a manta da fumonisin, wadda wata fumfunar daban ke yi, aka gano ta a Afirka ta Kudu a 1988. Tsinken aflatoksin ba ya ganin ta.

Dillalin Gyaɗa: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Likita, maganarka ta shige ni, domin lallai mai matsar mai ne ya saye kayan, kuma ban tambayi inda tunkuzar ta tafi ba. Abin da na fahimta shi ne na'urar aljihun ba ta iso ba tukuna. To Hajiya, kafin ta iso, idan na tsaya a gaban buhu 300 a Dawanau, me zan yi da hannuna?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Alhaji, ka fara raba kayan gwargwadon inda ka saye su, kada ka gauraya na kasuwanni biyar a tirela ɗaya, domin rukuni guda mai guba zai jawo wa sauran. Kowane rukuni a soki buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a tara kilo da dama, a niƙa a inji mai tsabta, a juya sosai, sannan a gwada da tsinken antibodi da ake da shi yanzu, wanda ke ba da amsa cikin mintuna kaɗan bayan an jiƙa an tace. Ka sa mata su tsince masu motsewa da masu huji da waɗanda launinsu ya sauya kafin a ɗinke buhu, abin da aka tsince kuma kada ya tafi gidan ƙuliƙuli.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Baba Alhaji, in ba za ka damu ba, duk rukunin da kuka niƙa ka ajiye mini rabin kilo na garin a leda mai kauri, a rubuta kasuwar da ranar a jiki. Robar da na haɗa ruwan gwaji mai tsabta kawai ta taɓa gani, kuma ina so in auna ta da gyaɗar gaske gefe da gefe da sakamakon injin Anti, har da wadda ba ta da guba, don in ga sau nawa za ta yi mata ƙazafi.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Ki kawo, amma ni zan sa wa ledojin lambobi, kuma ba za ki san wacce ce wacce ba sai kin miƙo mini sakamakonki a rubuce.